Bolex H16 Reflex a ranar Bauchi: kyamara ce ta kirki, amma tana rage wa fim haske

Wanda zai sayi Bolex H16 Reflex don ɗaukar fim mai faɗin milimita 16, akwai lamba ɗaya da ya kamata ya haddace tun kafin ya biya kuɗi: 1/80 na sakan. Da ita ake auna haske idan kyamarar tana ɗaukar hoto 24 a sakan ɗaya. Ba 1/48 ba, wadda aka saba ji a wajen koyon fim, ba kuma 1/65 ba, wadda lissafin shota, wato faifan da ke buɗe wa fim haske ya rufe, ke bayarwa. Wanda ya tsallake wannan lambar, naɗinsa na farko zai dawo daga wurin wanki fuskoki sun dushe, shi kuwa ya riga ya biya kuɗin fim, kuɗin jirgi da kuɗin wanki.

Ra'ayinmu game da kyamarar ba ɓoyayye ba ne. Ga mai ɗaukar fitowa gajeru marasa sauti, irin hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Bauchi, ko namun daji a Yankari, ko hada-hadar kasuwar Wunti, ta cancanci kuɗinta. Ba ruwanta da batir, ba ruwanta da wutar lantarki, sifirin ne ke juya ta. In ka ɗaure shi ya cika, zai yi maka kusan sakan 28 a gudun hoto 24. Naɗin ƙafa 100 yana ɗauke da hoto 4000, wato minti 2 da sakan 47. Ga mai son ɗaukar hira da sauti a tare kuwa, ba tasa ba ce: tana da ƙara, gudunta kuma ba ya tsayawa cak yadda baki da murya za su ci gaba da haɗuwa.

Kamfanin Paillard na ƙasar Suwizalan ne ya fito da H16 a 1935. Waɗancan na farko ba a leƙa ta cikin lensi, maleƙarsu tana gefe ne. A 1956 aka fito da samfurin Reflex, wanda mai ɗauka ke ganin ainihin abin da lensi ke gani, a 1959 kuma aka ƙara shota mai buɗewa da tsukewa a samfurin Rex. Daga nan aka yi ta gyare-gyare har zuwa Rex-5, SBM, EBM da EL. Duk waɗannan na bayan, hanya ɗaya suke bi wajen kai hoto ga idon mai ɗauka, kuma a hanyar nan hasken ke raguwa.

Tsakanin bayan lensi da shota akwai wani gilashi mai kauri, firizam, wanda aka yi wa shafi a ciki don ya raba hasken gida biyu. Kaso mafi yawa ya wuce kai tsaye zuwa fim, sauran a karkatar da shi sama zuwa maleƙa. Abin da ake karkatarwa yana tsakanin kashi 20 da 25 cikin 100. Kamar dillali yake, kafin kaya su isa hannun mai su ya cire la'adarsa, kuma ba a yi masa ciniki: ko rana ta take, ko magariba ta yi, ko ka buɗe ƙofar lensi duka, ko ka tsuke ta, kason da yake ɗauka bai canzawa. Wannan rashin canzawar shi ne abin yabo a tsarin, domin abin da ba ya canzawa sau ɗaya ake lissafa shi a huta.

Masu ɗaukar hoto da mataki suke auna haske. A lambobin ƙofar lensi, daga f/8 zuwa f/5.6 mataki ɗaya ne, hasken ya ninka biyu. Daga f/8 zuwa f/11 mataki ɗaya ne, hasken ya koma rabi. Abin da firizam ke ci kusan sulusin mataki ne. Da wannan ne kaɗai, da ba abin tayar da hankali. Matsalar ita ce akwai rashi na biyu da ke hawa kansa, mutane kuma su kan haɗa su biyun a matsayin abu ɗaya ko su manta da ɗaya.

Rashi na biyu daga shota yake. Shotar kyamarar fim faifai ce mai juyawa da aka yanke wa gefe, kuma faɗin yankan a digiri shi ke nuna tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske. Lissafin mai sauƙi ne: raba 360 da faɗin yankan, ka ninka da gudun kyamara. Shota mai digiri 180 a gudun 24 tana ba da 1/48. Mitocin haske masu ma'aunin fim, a kan wannan 180 ɗin aka gina su. Shotar Rex kuwa, ko an buɗe ta duka, kusan digiri 133 ce, wato 1/65. Nan ma an rasa abin da ya ɗan haura sulusin mataki. Ka ɗora na firizam a kai, sai a kai 1/80, wato sulusi biyu na mataki ƙasa da abin da mita ke zato. A lura: fim ɗin a zahiri 1/65 yake buɗewa, kuma shi ke nuna yadda motsi zai fito a hoto, 1/80 lambar awo ce kawai, yawan hasken da ya isa fim aka mayar lokaci.

Hanyoyin gyara uku ne, kuma ɗaya kaɗai ake ɗauka.

Ta farko, ka bar lambar ISO, wadda ke nuna saurin fim wajen kama haske, yadda take a gwangwanin fim, ka sa mita a 1/80 kamar mai ɗaukar hoton kati. Ita ce mafi tsabta ga mai mitar dijital ko manhajar waya. Sauran gudun ga yadda suke: hoto 12 a sakan, 1/40, 16, 1/55, 18, 1/60, 32, 1/110, 48, 1/160, 64, 1/220. Idan kana ɗaukar hoto ɗai-ɗai, 1/40.

Ta biyu, ka bar mita a ma'aunin fim na 24, ka rage ISO da sulusi biyu. Fim mai 50 ya koma 32, mai 100 ya koma 64, mai 200 ya koma 125, mai 250 ya koma 160, mai 500 ya koma 320. Mun fi son wannan ga mai aiki da mitar allura irin Sekonic L-398A, don a faifanta ba a rubuta 80 ba, 60 ne sai 125, neman sulusi a tsakaninsu cikin hayaniyar dawaki kuwa ba abin dogara ba ne. ISO sau ɗaya ake saita shi da safe. Kuma in ka canza gudu zuwa 48 ko 64, sai kawai ka karanta lambar gudun a ma'aunin fim, gyaran yana nan bai tafi ba. Wannan mitar ta dace da Bolex ta wani ɓangaren ma, ita ma ba ta cin batir. Rauninta wurin duhu ne: a zaure ko bayan faɗuwar rana allurarta da ƙyar take motsi. A rana kuma dole a zura mata ƙarfen nan mai huji-huji a bayan farin ƙoƙon da ke karɓar haske, a karanta ta alamar H. Wanda ya zura ƙarfen ya karanta ta ɗaya alamar, kuskurensa mataki biyar ne, ba firizam ba ne ya cuce shi.

Ta uku ta masu mitar da ake rubuta wa faɗin shota ce, irin Sekonic L-478D. Ko ka sa 133 ka rage ISO da sulusi ɗaya, ko ka sa 108, ko lambar da ta fi kusa da ita, ka bar ISO yadda yake, tunda 360 a raba da 108 a ninka da 24 daidai 80 ne.

Kuskuren da ya fi yawa bayan rashin gyara shi ne gyara sau biyu. Mutum ya rage ISO zuwa 32, sannan ya sake sa 1/80, fim ya sha haske fiye da ƙima da sulusi biyu. Akwai wani tarkon da ya fi wannan wayo, kuma lambobin ne da kansu suka ɗana shi. Vision3 500T fim ne na kamfanin Kodak, na hasken fitila. In za a ɗauka da shi a rana sai an sa filta mai lamba 85, ita kuma tana cin sulusi biyu, shi ya sa Kodak ke cewa a auna shi a 320. Mai Bolex ya ga 320 a gwangwani, ya tuna cewa 500 dama 320 take komawa, sai ya ɗauka an gama. Ba a gama ba. Wancan 320 na filta ne. Na kyamara yana nan, don haka 500T da filta 85 a Rex, 200 ake sa wa mita. Haka 200T da filta 85: daga 200 zuwa 125, daga 125 zuwa 80. A rubuta lambar ƙarshe a farin salatif a manna a murfin kyamara, tare da sunan fim ɗin da ke ciki.

Ba duk Bolex ba ce mai 1/80, mai saye ya duba abin da ke hannunsa. Reflex ta farko wadda ba ta da shota mai tsukewa digiri 144 gare ta, wato 1/60, da firizam kuma wajen 1/75. A aikace ba a bambanta ta da 1/80. EBM da EL masu injin lantarki digiri 170 ne, wato kusan 1/50, da firizam wajen 1/60. A nan sulusi ɗaya kawai ake ragewa, 50 ya koma 40, 250 ya koma 200, 500 ya koma 400. EL tana da mita a cikinta da ke auna ta bayan lensi, in da ita kake aiki ainihin ISO za ka ba ta, ba a ƙara mata komai. Samfuran da ba Reflex ba, kamar H16 M, ba su da firizam kwata-kwata, faɗin shota kawai ake lissafawa.

Kyamarorin wasu kamfanoni ma kada a ɗora musu wannan gyaran a makance. Arriflex 16ST madubi ne a jikin shotarta: lokacin da fim ke shan haske yana shansa duka, lokacin da shota ta rufe sai madubin ya aika hoton duka zuwa ido. Ba a rasa komai, sai dai maleƙa tana ƙyafta-ƙyafta yayin ɗauka. Krasnogorsk-3 ta Rasha haka take, shotarta digiri 150, wajen 1/60. Beaulieu R16 ma madubi ne. Bolex ta zaɓi hoton da ba ya ƙyaftawa, ta biya da sulusin mataki da kuma maleƙa mai duhu. Yawancin kyamarorin Super 8 irin Bolex suke, firizam ne, amma mitar cikinsu ta riga ta lissafa rashin. Sai wanda ya koma mitar hannu ne yake buƙatar gwaji.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin masu sayar da lensi, wai in lensi na da alamar RX to an riga an gyara lambobin ƙofarsa don cike gurbin hasken da firizam ya ci. Kada a dogara da ita. Aikin RX dabam ne. Gilashi mai kauri a bayan lensi yana karkatar da hasken da ke shigowa ta gefe fiye da wanda ke shigowa ta tsakiya, sai hoto ya yi laushi idan an buɗe ƙofa sosai. Kamfanin Kern na garin Aarau ya ƙera lensin Switar masu alamar RX don su gyara wannan laushin, shi ya sa ake ganin alamar a kan masu milimita 50 zuwa ƙasa, irin 10, 16 da 25. Kaifin hoto suke gyarawa, ba yawan haske ba. Lensin da ba RX ba yana aiki a Reflex in an tsuke shi zuwa wajen f/4 ko fiye, wanda a ranarmu ba wuya ba ne. Ko RX ko ba RX ba, 1/80 tana nan.

Lensi mai zuƙowa yana da nasa cin hasken, saboda yawan gilasan da ke cikinsa. Angénieux 12-120 ana rubuta masa f/2.2, amma hasken da ke fita ta bayansa daidai yake da T2.5, sulusin mataki ke nan. In lensi na da lambobin T, masu nuna ainihin hasken da ke fita ta bayansa, da su ake saitawa. Wasu tsofaffin Angénieux da Pan Cinor kuma suna zuwa da tasu maleƙar a gefe, da nasu firizam a ciki. An yi su ne don kyamarorin da ba Reflex ba. Ɗaura irinsu a Reflex, sau biyu ake yankar hasken.

To, wani zai ce a Bauchi wa ke kukan rashin haske? Gaskiya ne, da tsakar rana matsalar akasin haka ce. A hasken rana tsantsa, Vision3 50D a 1/80 yana neman wajen f/13. Vision3 250D yana neman wajen f/28, lambar da lensin Switar ba su ma da ita. Kuma a fim ɗan ƙarami irin 16, in ka wuce f/11 kaifin hoto raguwa yake, don ƙofar ta yi ƙanƙanta har haske na bazuwa a bakinta. Maganin filta mai rage haske ce: ND 0.3 mataki ɗaya, 0.6 biyu, 0.9 uku. 50D da ND 0.6 ya dawo f/6.3, wurin da lensi ya fi kaifi. 250D da ND 0.9 ya dawo f/10. Bolex tana da 'yar aljihun filta a bayan lensi inda ake zura yankin filtar leda, abu mai kyau ƙwarai tunda filta ɗaya ta ishi lensi ukun da ke kan faifan da ke juyawa a gaban kyamara. Sai dai ko ba filta, mariƙinta dole ya zauna a raminsa. In aka cire shi, rana za ta shiga ta tsagar ta yi wa fim zane daga farko har ƙarshe.

Wasu su kan rage haske da hannun shota maimakon filta. Lambar 1 a hannun tana cin mataki ɗaya, lambar 2 mataki biyu. Yana aiki, amma yana gajarta lokacin kowane hoto, sai gudun doki ya fito a tsinke-tsinke maimakon ya zubo. Haɗarinsa na gaske shi ne mantuwa: a tsuke shi da azahar, a manta, a shiga inuwa da la'asar ana auna 1/80 alhali rabin haka fim ke samu. Maleƙa ba za ta yi duhu ta faɗakar da kai ba, domin firizam yana gaban shota ne. Kafin kowace fitowa, yatsa ya taɓa hannun ya tabbatar yana sama a kulle.

Inda sulusi biyun nan ke ciwo shi ne a fuska. Mahayi a hawan sallah sanye da farar babbar riga da rawani, rana a kansa, fuskarsa baƙa a ƙarƙashin inuwar rawanin. Tazarar da ke tsakanin farin rigar da fuskar ta riga ta yi faɗi. Fim nagatif irin Vision3 yana jure ƙarin haske sosai, farin riga ba ya saurin ƙonewa a kansa, amma ba ya yafe ƙaranci: wurin da bai sha haske ba babu abin da za a tono a ciki, in aka ɗaga shi a kwamfuta sai tsaki-tsaki da launi mai kama da laka. Saboda haka da nagatif, bayan gyaran 1/80, ƙara buɗe rabin mataki don fuska ba asara ba ce. A auna da farin ƙoƙon mita, a tsaya inda hasken ya yi daidai da na wanda ake ɗauka, ƙoƙon na kallon kyamara. Manhajar waya da ke auna hasken da ke dawowa daga jiki, farar riga ruɗa ta take yi, ta ce a tsuke, fuska ta ƙara nutsewa.

Fim ribasal, irin Ektachrome 100D da Tri-X, wani labari ne. Abin da aka ɗauka shi ne hoton ƙarshe, kuma rabin mataki sama ko ƙasa ya isa a gani. A nan ba a ƙara komai don kariya, tunda ƙarin haske ƙone farin yake yi ba dawowa. Ektachrome 64 ake sa wa mita, Tri-X a rana 125, a tsaya a kai.

Duhun maleƙa shi ne babban aibin kyamarar, ba ma ɓoye shi. Rubu'in haske ko ƙasa da haka ke isa ido, kuma ta ƙofar da ka tsuke yake biyowa. A f/11 da filta ND, mutum na tsaye a rana ido ya saba da haske, kusan ba a ganin komai sai gefunan hoto. Dole a buɗe ƙofa duka a daidaita kaifi, sannan a tsuke a ɗauka. Wanda ya manta tsukewa daga f/1.4 zuwa f/8, mataki biyar ya zuba wa fim. Lensin Switar masu 'yan hannaye biyu na saita ƙofa tun da wuri suna rage wannan haɗarin. Maleƙar samfuran farko sau 6 take girmama hoto, ta Rex-2 zuwa gaba sau 10, wasu na ƙarshe sau 13. In akwai zaɓi, kada a sayi mai 6.

Hanyar da haske ke bi ya fito ido, ta nan kuma yake iya komawa. In ka ɗora kyamara a kan ƙafafu ka janye idonka, rana na bayanka, hasken zai shiga ta maleƙa ya sauko firizam ya yi wa fim hazo. Akwai ɗan hannu a gefen maleƙar da ke rufe ta, a rufe duk lokacin da ido ba ya wurin. Mai tabarau ya sa robar ido mai zurfi.

Lambar 1/80 tana zaton firizam mai tsabta da gudu na daidai, kyamarar da ta haura shekara 50 kuwa ba a yi mata zato. Ƙurar hunturu tana kwanciya a fuskar firizam duk lokacin da aka canza lensi a fili. A juya faifan lensi gefe, a ɗago firizam ɗin da farce a kan maratayinsa, a hura da robar hura iska tukuna, sannan a shafa da takardar lensi a hankali. Shafa kafin hurawa karce gilashin yake yi, ƙurar nan yashi ce. Ramin faifan da ba lensi a kai a rufe shi da murfi. Damina kuma tana kawo fumfuna. Kyamarar da za a ajiye a watan Agusta a sa ta a akwati mai rufuwa da 'yan ƙullin nan masu shan danshi. Wurin saye, a cire lensi a haska tocila ta firizam: hazo a ciki, ko zaren fumfuna, ko alamar shafin ya fara ɓarewa, duk suna cin haske fiye da lissafi, kuma ba gyaran gida ba ne.

Gudu kuwa da agogon waya ake gwada shi. A sa tsohon fim na gwaji, a mayar da ƙirgen hoto sifili, a sa 24, a danna sakan 10. Ya kamata a ga 240. In 200 aka gani, kyamarar 20 take yi, kowane hoto na shan ƙarin rubu'in mataki, motsi kuma zai fito da sauri. Man da ya bushe ne yawanci, sai an wanke an sake sa mai. Kada a gudanar da ita a 48 ko 64 ba fim a ciki. Mai son sukuwar dawaki a hankali ya tuna cewa 48 na neman ƙarin mataki ɗaya, 64 kusan ɗaya da rabi, kuma a 64 sifirin sakan 10 kawai yake yi, naɗin duka kuma minti ɗaya da 'yan sakanni.

Cikin ɗaki akwai wani abin da awo ba ya nunawa. Wutarmu mai zagaye 50 ce, fitilun fulorasan da ƙananan LED masu arha suna ƙyaftawa sau 100 a sakan, shotar 1/65 kuma ba ta faɗa daidai da su, balle in janareta ne da gudunsa ke hawa da sauka. Sakamakon shi ne haske na numfashi a hoto. Hasken taga da farin allo mai mayar da haske sun fi aminci, ko fitila mai aiki da batir.

Fim ɗin kansa zafi na rage masa ƙarfi. A watannin Maris da Afrilu, gwangwanin da aka bari a mota ya fara lalacewa kafin a ɗauki komai. A ajiye a firij cikin leda mai rufuwa, a fito da shi awanni kafin a buɗe don kada raɓa ta kama shi, wanda aka ɗauka kuma kada ya daɗe kafin a tura wanki. Na'urorin binciken kaya na filin jirgi, musamman sababbin masu ƙarfi, suna yi wa fim hazo, 500T ya fi saurin kamuwa. A nemi binciken hannu.

Naɗin farko a ba gwaji rabinsa, domin shi ne zai faɗi gaskiyar taka kyamarar, ba ta littafi ba. A samu kati mai launin toka na kashi 18, mutum ya riƙe shi kusa da fuskarsa sanye da farar riga, a buɗaɗɗiyar inuwa, a lokacin da haske ba ya canzawa. A auna a 1/80. A ɗauki sakan biyar a lambar da mita ta bayar, sannan rabin mataki ƙasa, mataki ɗaya ƙasa, rabin mataki sama, mataki ɗaya sama, kowanne da takarda a cikin hoton an rubuta lensi da lambar ƙofa da manyan baƙaƙe. Sakan biyar ƙafa uku ne, lensi uku sau biyar ƙafa 45 ke nan. Ribasal ya fi dacewa da gwajin, don ba ya ɓoye kuskure. In nagatif ne, a rubuta wa masu wanki cewa su yi sikanin duka da saiti ɗaya, kada su daidaita kowace fitowa ita kaɗai, in ba haka ba za su mayar da duka biyar ɗin iri ɗaya. In fitowar rabin mataki sama ce ta fi kyau a lensi ukun gaba ɗaya, firizam ko shota ne, sai a ƙara rage ISO na dindindin. In a lensi ɗaya ne kawai, ƙofar wannan lensin ce ta kauce, a manna masa tasa lambar a jikinsa.